Ashiru Olatunde Na Oshogbo: Maƙerin Da Ciwo Ya Raba Da Wuta Amma Bai Raba Shi Da Guduma Ba

 A filinmu na tarihin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, yau za mu leƙa ƙasar Yarbawa ne, can kudu maso yammacin Nijeriya, domin mu kawo muku tarihin wani maƙeri mai suna Ashiru Olatunde, wanda aka haifa a shekarar 1918, ya kuma rasu a shekarar 1993.

Shi dai wannan bawan Allah bai yi sarauta ba, bai riƙe muƙamin gwamnati ba, bai kuma shiga wata jami'a ya koyi zane ba. Abin da ya sa sunansa ya shiga littattafan tarihi shi ne, bayan ya kai shekara 40 da 'yan kai rashin lafiya ta tilasta masa barin ƙirar da ya gada kaka da kakanni, amma maimakon ya naɗe hannu ya zama abin tausayi, sai ya ɗauki sanin ƙarfen da ke kansa ya buɗe wata sabuwar sana'a da ita, wadda ta ciyar da shi da iyalinsa har tsawon shekara 30, ta kuma kai aikin hannunsa har Landan da Washintan.

Dalilin da ya sa muka zaɓo shi a bayyane yake. Duk mai cin abinci da ƙarfin damtsensa, ko maƙeri ne ko ɗan dako ko direban babbar mota ko manomin auduga, ya san akwai ranar da ƙarfin nan zai ja baya, alhali bakin da ake ciyarwa a gida bai ragu ba. To yaya mutum zai yi idan ranar ta zo masa tun bai shirya ba? Rayuwar Ashiru amsa ce guda daga cikin amsoshin wannan tambaya.

Garinsu da gidansu

Oshogbo gari ne da ke bakin kogin Oshun, sarkin garin kuwa ana kiran sa Ata'oja. Masu bin tarihi sun san sunan garin saboda yaƙin da aka gwabza a can wajen shekarar 1840, inda dakarun Ibadan suka tare mahayan Ilori suka hana su ci gaba da kutsawa kudu. Daga baya, a farkon ƙarni na 20, layin dogo da ya taso daga Ikko ya ratsa ta Oshogbo kafin ya isa Kano a 1911, wanda hakan ya mayar da garin mahaɗar fatake. Hausawa masu cinikin goro da shanu sun zauna a can kamar yadda suka zauna a sauran manyan garuruwan Yarbawa, a unguwar da ake ce wa Sabo. Har ila yau garin ya yi suna wajen rini da baba, kamar yadda marinar Ƙofar Mata ta yi suna a Kano. A shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Oshun, Oshogbo ce ta zama babban birninta.

A wannan gari aka haifi Ashiru, a gidan maƙera. Sunan nasa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin shi ne dai Ashirun da muke da shi a jerin su Sani da Salisu da Rabi'u har zuwa Tasi'u, sai dai a takardun Turawa za ka ga an rubuta shi Asiru. Musulmi ne shi, kamar dimbin mutanen garin.

A ƙasar Yarbawa, kamar a ƙasar Hausa, ƙira sana'ar gado ce. Yaro yakan fara ne da zuga wuta da zuga-zugi da ɗebo gawayi, sannan a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sai ƙashinsa ya yi ƙwari kafin a bar shi ya ɗaga masaba a kan uwar maƙera. Haka Ashiru ya taso. Abin da maƙeran zamaninsa ke ƙerawa kuwa shi ne kayan da rayuwar manomi da maharbi ta dogara a kansu, wato fartanya da adda da gatari da wuƙa da tarko da makamantansu. Mu ma nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, tun da ƙira na cikin sana'o'in da kakanninmu suka taho da su gabas, tun daga masu tafiya aikin hajji a ƙasa har zuwa jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Ranar da masaba ta yi nauyi

Lokacin da Ashiru ya zama cikakken magidanci, ita kanta sana'ar ta soma shiga wani hali. Kamfanonin Turawa sun cika kasuwanni da adduna da bokitai da kwanuka da kwaɗuna na ƙasashen waje, waɗanda inji ke bugawa dubbai a rana guda, don haka sun fi araha. Maƙerin da a da shi kaɗai ne madogarar gari sai ya koma mai gyara da mai ƙera 'yan abubuwan da kanti bai kawo ba. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda kayan roba da na Sin suka ture kayan hannu a rumfunanmu ya san irin wannan labari.

Ana cikin haka, wajen shekarar 1960, wato shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, sai rashin lafiya ta kama Ashiru, irin wadda ba ta barin mutum ya yi aikin ƙarfi. Ƙirar baƙin ƙarfe kuwa ba ta san rangwame ba. Sai an tsaya gaban wuta, an ɗaga masaba mai nauyi an sauke tun ƙarfen yana ja, domin da ya huce aiki ya tsaya. Wanda numfashinsa ko ƙirjinsa bai iya ɗaukar wannan ba, to shi da maƙera sai kallo. Ga shi babu fansho, babu albashin wata, ga iyali.

Abin da ya yi shi ne ya sauko daga babban aiki zuwa ƙarami. A Kano da sauran garuruwan Hausa an raba maƙera gida biyu, akwai maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, su ne masu yin zobba da awarwaro da kayan adon doki. To sai mu ce Ashiru ya tashi daga sahun maƙeran baƙi ya koma na fari. Ya riƙa samo guntayen jan ƙarfe yana yanka su yana yin 'yan kunne da ƙananan kayan ado da siffofin dabbobi, yana sayarwa don a sami na cefane. Aiki ne da ake yi a zaune, da ƙaramar guduma, ba tare da wutar maƙera mai ruri ba.

Ɗan zakin jan ƙarfe

A wannan lokaci akwai wasu Turawa biyu da ke zaune a Oshogbo. Ɗaya shi ne Ulli Beier, mutumin Jamus da aka haifa a 1922, wanda ya zo Nijeriya a 1950 don koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, daga baya ya koma sashen karantar da manya a garuruwa, abin da ya kai shi zama a Ede da Ilobu, sannan Oshogbo a 1958. Ɗayar kuma ita ce Susanne Wenger, mai zane 'yar ƙasar Ostiriya da aka haifa a 1915, wadda ta zauna a garin har ƙarshen rayuwarta a 2009.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wata rana Beier ya tsinci wani ɗan ƙaramin zaki na jan ƙarfe a cikin ƙasa a kusa da gidansa. Kyan aikin ya ba shi mamaki, ya sa aka bi sawu har aka gano ashe Ashiru ne ya yi shi. Daga nan, a shekarar 1961, shi da Wenger suka shiga ƙarfafa masa gwiwa, suna sayen abin da ya yi, suna nuna wa baƙinsu, suna kuma ba shi shawarar ya gwada yin abin da ya fi ɗan kunne girma.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Waɗannan Turawa ba su koya wa Ashiru riƙon guduma ba, ba su kuma koya masa halin ƙarfe ba, domin wannan ya fi su saninsa nesa ba kusa ba. Abin da suka kawo masa shi ne ido na waje da ya ga darajar abin da mutanen gida suka ɗauka ƙaramin abu, da kuma hanyar isa ga masu saye. Wato dai aikin dillali nagari suka yi masa. Da a ce bai ci gaba da taɓa ɗan aikin nan ba a lokacin da yake cikin ƙunci, da babu zakin da za a tsinta.

Yadda yake aikin

Da aiki ya fara girma sai matsalar jari ta taso, domin jan ƙarfe yana da tsada, ga nauyi. Sai ya juya ga fallayen alminiyum, wato ƙarfen nan da wasu ke kira sanholo ko goran ruwa, wanda ake tukwane da kwanon rufi da shi. Wannan zaɓi ya dace da halin da yake ciki ta kowace fuska. Nauyin alminiyum kusan kashi ɗaya ne cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, saboda haka mai rauni ma zai iya juya babban falle shi kaɗai. Yana da taushi, yana karɓar bugu ba sai an gasa shi ya yi ja ba. Ba ya kuma yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi ta kare na ciki. Ga shi da haske kamar azurfa, alhali kuɗinsa bai kama ƙafar na azurfa ba.

Dabarar da ya bi tsohuwa ce a duniya, maƙeran farinmu ma sun san ta wajen yi wa tasa da faranti da gidan takobi ado. Ana shimfiɗa falle a kan abin da ba shi da tauri sosai, a fitar da zane a kai, sannan a ɗauki 'yan ƙarafa masu baki iri-iri, wani mai tsini, wani mai faɗi, wani mai zagaye, ana ɗora su ana bugawa da guduma a hankali, har wani wuri ya lotsa wani ya taso. Idan aka gama sai ka ga zanen ya yi tudu a kan fallen, hannu na iya shafa shi. Wahalar aikin ita ce ba a goge kuskure. Mai zane da fenti yana iya shafe abin da bai yi masa ba, amma wanda ya wuce gona da iri a bugu ɗaya ya huda falle, to asara ta tabbata. Bugu da ƙari, ƙarfe yana ƙara tauri gwargwadon yadda ake dukansa, idan aka matsa masa sai ya tsage, don haka sai wanda hannunsa ya san iyakar haƙurin ƙarfe. A nan ne shekarun da Ashiru ya yi a maƙera suka yi masa rana.

Wanda ya ga aikinsa sau ɗaya zai gane shi a ko'ina. Mutane da dabbobi da itatuwa sukan fito sumul suna sheƙi, filin da ke bayansu kuma ya cika shi da dubban 'yan ɗigo-ɗigo na bakin ƙarfe, ta yadda haske zai riƙa wasa a kai. Ba ya barin fili a banza. Za ka ga babbar bishiya a tsakiya, tsuntsaye da birai a rassanta, maharba da giwaye da macizai da kifaye a kewaye, kowanne da abin da yake yi, kamar dai mai ba da tatsuniya ne ya zuba labarinsa gaba ɗaya a faranti guda. Abubuwan da ya fi zanawa su ne tatsuniyoyi da tarihin Yarbawa, da bukukuwan garinsu, da rayuwar yau da kullum, da kuma ƙissoshin da ke cikin littafin Kirista, irin su labarin Adamu da Hauwa'u a cikin lambu, waɗanda yakan zana su da kama da tufafi da dabbobin ƙasarsa.

Oshogbo ta zama matattara, har da hannun Sudan a ciki

Sa'ar da Ashiru ya yi ita ce sabuwar sana'arsa ta zo daidai da lokacin da garinsu ya zama matattarar masu fasaha. A shekarar 1962 shahararren mai wasan kwaikwayon nan Duro Ladipo, tare da Beier, suka buɗe wata ƙungiya a gidan Ladipo mai suna Mbari Mbayo, inda ake wasanni da baje kolin zane-zane. Ta samo asali ne daga ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961.

Wani abin da zai ba masu karatunmu sha'awa shi ne ƙasar nan tamu tana da hannu a wannan tafiya. Mutumin da ya jagoranci bitar koyar da zane ta farko-farko a Oshogbo, wato Denis Williams ɗan ƙasar Gayana, daga Khartum ya tafi can, bayan ya koyar da zane a makarantar fasaha ta Khartum daga 1957 zuwa 1962. Haka kuma ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta baje kolin zane-zanen Ibrahim Salahi, haifaffen Umdurman, tun a farkon shekarun 1960, lokacin da duniya ba ta gama saninsa ba. Ita ma Georgina, wadda ta zama matar Beier daga baya, a Zariya ta fara zama kafin ta koma Oshogbo a 1963, kuma bitar da ta gudanar a 1964 ce ta fito da matasa irin su Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh da Adebisi Fabunmi.

Shi Ashiru ba ta hanyar bitar ya fito ba. Ya girmi waɗannan matasa da shekara 20 ko fiye, kuma ya zo ne da sana'arsa a hannu. Abokin tafiyarsa a wannan fanni shi ne Adebisi Akanji, wanda shi kuma magini ne da ya koma yin adon siminti. Su biyun sun nuna cewa mai sana'ar hannu na gargajiya yana iya shiga sabuwar kasuwa ba tare da ya zubar da abin da ya gada ba.

Kasuwa da 'yan suka

Sannu a hankali aikin Ashiru ya tashi daga abin ratayawa a kunne ya koma abin da ake ƙawata bango da ƙofofi da shi a manyan gine-gine, har da coci-coci da bankuna da fadojin sarakuna. Da aiki ya yi yawa sai ya jawo 'ya'ya da almajirai suna taya shi, gidan da ciwo ya so ya kashe wa wuta ya sake cika da ƙarar guduma.

A ƙarshen 1966 Beier da Georgina suka bar Nijeriya suka tafi Papuwa Niyu Gini, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke, wanda bai ƙare ba sai 1970. Mutane da yawa sun zaci da tafiyar Baturen kasuwar Oshogbo za ta mutu. Amma ba ta mutu ba, domin an riga an san hanya. A Legas wata Ba'amurkiya mai suna Jean Kennedy da mijinta sun riƙa buɗe gidansu duk ranar Alhamis, masu fasahar Oshogbo na kawo kayansu, ma'aikatan jakadanci da sauran baƙi na saye. Ta irin waɗannan hanyoyi ne fallayen Ashiru suka bazu zuwa Turai da Amurka.

Sai dai kuma ba a rasa masu suka ba. Wasu daga cikin masu zanen da suka yi karatun jami'a sun riƙa ganin cewa fasahar Oshogbo shuka ce ta Turawa, kuma Turawa ne masu cin amfaninta, tun da mafi yawan masu saye baƙi ne. Wasu kuma sun ce da kasuwa ta buɗe sai maimaici ya yi yawa, masu kwaikwayo suka cika gari da kayan da bai kai na asali ba. A cikin wannan suka akwai gaskiyar da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato mai abokin ciniki iri ɗaya yana cikin haɗari, ranar da baƙo ya daina zuwa sai rumfa ta yi shiru. Hausawa masu fataucin kayan sassaƙa da na gargajiya, waɗanda suka daɗe suna riƙe da wannan ciniki daga Kano har Abijan, sun sha ganin haka. Amma abin da masu sukar ba su iya musantawa ba shi ne, salon Ashiru nasa ne, ba wanda ya zana masa, kuma ingancin aikinsa ya sa har bayan rasuwarsa ana bambance nasa da na masu kwaikwayo.

Akwai kuma batun da mai karatu Musulmi zai yi tunaninsa, wato hukuncin zana abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, su ya kamata a tambaya. Abin da za mu ce kawai shi ne dabarar bugun falle ba ta tsaya ga siffar mutum ko dabba ba. Da ita ake fitar da dagi da furanni da ganye da rubutun Larabci a kan ƙofa ko faranti ko akwati. Manyan masu zanen Khartum ma, irin su Usman Waƙi'allah da Ahmad Shibrain, da haruffan Larabci suka yi suna a duniya.

Ba shi kaɗai ba ne

Tarihi ya nuna wasu ma'aikatan ƙarfe da suka bi irin wannan hanya a wasu ƙasashe. Akwai Julio González, wanda aka haifa a gidan maƙera a Basalona ta ƙasar Sifaniya a 1876. A 1918, shekarar da aka haifi Ashiru, ya koyi walda a wata masana'anta ta kamfanin Renault a Faransa. Sai da ya haura shekara 50 sannan ya duƙufa ga ƙera siffofi da baƙin ƙarfe, kuma shi ne wanda shahararren mai zanen nan Picasso ya nemi taimakonsa a kan aikin walda tun daga 1928. Ya rasu a 1942.

Akwai kuma David Smith na Amurka, wanda aka haifa a 1906, ya yi aiki a masana'antar motoci, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi waldar tankokin yaƙi da kawunan jiragen ƙasa. A ƙarshen rayuwarsa ya koma aiki da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin wanda ake cokula da kwanukan zamani da shi. Shi wannan ƙarfe wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya yi fice da gano shi a garin Shafil na Ingila a 1913, sirrinsa kuwa shi ne ana gauraya shi da wani ma'adini mai suna kuromiyum, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Smith ya ƙera manyan siffofi 28 da shi masu kama da akwatuna da aka ɗora wa juna, tsakanin 1961 da 1965, shekarar da ya rasu a haɗarin mota. A 2005 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 23 da dubu 800 a birnin Niyu Yok.

Bambancin da ke tsakaninsu da Ashiru shi ne, su sun sami injin walda da iskar gas da manyan masana'antu, shi kuwa guduma ce da 'yan ƙarafa da falle, sai haƙuri.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

Ashiru ya ci gaba da aiki a Oshogbo har tsufa, ya rasu a 1993 yana da shekara kusan 75. Mutumin da aka ɗauka ƙarfinsa ya ƙare tun 1960, sai ga shi ya ƙara shekara 30 da 'yan kai yana aiki, kuma da wannan rabin na biyu na rayuwarsa aka san shi. Bayan rasuwarsa zuriyarsa da almajiransa sun ci gaba da bugun alminiyum, har sana'ar ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka san Oshogbo da su.

A shekarar 2000 gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washintan ya shirya baje koli a kan fasahar Oshogbo ta shekarun 1960, aikinsa na ciki. A 2005 an yi wani baje kolin na ayyukansa shi kaɗai a Landan, kuma a wannan shekarar ce hukumar UNESCO ta sanya kurmin Oshun da ke gefen garinsu cikin wuraren tarihi na duniya. Shi kuwa Beier, wanda ya kafa gidan fasahar Afirka mai suna Iwalewa a garin Bairot na Jamus a 1981, ya rasu a 2011.

To jama'a, mu da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya taɓa, mun san mutane da dama, a Wad Madani da Sinja da ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda suka wayi gari babu rumfa, babu inji, babu jari. Akwai maƙera da masu walda da masu zubin tukwanen alminiyum a cikinsu. Abin da ya rage musu shi ne abin da ya rage wa Ashiru, wato sanin da ke cikin kai da hannu, wanda ba a sacewa, ba a kuma ƙonewa. Wanda masaba ta fi ƙarfinsa yana iya riƙe ƙaramar guduma, wanda ya rasa babban falle yana iya farawa da guntu.

Ku kuma 'yan kasuwa, naku rabon a wannan tarihi shi ne na mai tsintar zaki. Kuna ratsa garuruwa, kuna ganin abin da ake nema a wancan gefen iyaka wanda mai sana'a da ke zaune a ƙauye bai sani ba. Idan kun ga tsohon maƙeri yana ɗan taɓa wani aiki mai kyau, ku saya a farashin da ba zalunci, ku gwada shi a wata kasuwa, ku dawo ku gaya masa abin da masu saye suka fi so, kada kuma ku ɓoye sunansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuma sanya albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a fito na gaba idan Allah ya kai mu.